Na tsufar da Spitfire ɗina har ya koma kamar an tono shi daga bola, wai a ina ake tsayawa ne?

Dan_Farfela48:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni amma bari na fara da yadda na jefa kaina a ciki. Sati uku kenan ina kan haɗa ƙaramin samfurin roba na Spitfire Mk I, jirgin yaƙin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Biyu, sikelin 1/48 (wato an rage girmansa sau 48), shi ne jirgi na uku da na taɓa haɗawa kuma na farko da na yi wa fenti da injin feshi. Wallahi har zuwa ranar da na gama manna sitika jirgin nan ya yi kyau, kore mai duhu da ruwan ƙasa a sama, cikinsa kuma kalar nan mai haske da suke ce wa Sky, kamar dai yadda suke a 1940. To sai zuciya ta raya min cewa ai jirgin yaƙi bai kamata ya fito fes kamar yau aka ɓare shi a leda ba. Na ɗauko soso na dangwali fentin azurfa na bi fiffike da hanci da farfela da jela duk na ɗiɗɗiga, na zuba baƙin ruwa a kowane layi na jikinsa, na ja hayaƙin salansa baƙi wuluk tun daga hanci har kusan jela, sannan na ƙara da ɗan tsatsa a kan fiffike. Jiya ƙanena ya shigo ya tsaya yana kallonsa ya ce "Yaya wannan wanda aka harbo ne?" kuma da gaske yake fa, ba zolaya ba.

Ni a nawa tunanin jirgin da ke tashi sau uku sau huɗu a yini ana harbinsa yana harbi dole ya yi kaca-kaca. Ko ba haka ba ne? Kuma in na zarce ne, in wanke fentin gaba ɗaya in sake ko akwai gyara? Ga hotunan nan na sa.

Fiffike72:
Wa alaikumus salam. Hhhh ƙanenka ya gama magana ai. Ni tsatsan ne ya kashe ni da dariya, ɗan uwa jikin jirgin nan alminiyom ne, ba ya jan tsatsa irin na tsohuwar mota. Amma fentinka na ƙasa ya kwanta da kyau, kar ka karaya.

Tsohon_Makaniki:
Yaro sannu da ƙoƙari, na buɗe hotunan na duba ɗaya bayan ɗaya. Matsalarka ba yawan dattin ba ne kaɗai, dattin ne bai san inda ya kamata ya zauna ba. Duk wani tabo a jikin inji akwai abin da ya jawo shi, in ba ka iya faɗin abin da ya jawo shi ba to kar ka sa.

Ɗauki jelar nan. Abin da ke juya jirgin dama da hagu a baya, da masu ɗaga hanci da saukewa, da waɗanda ke bayan fiffike, a Mk I na 1940 duk yadi ne aka lulluɓa a kan firam aka shafe da wani irin banish mai ɗame shi. Kai kuma ka ɗiga musu azurfa kamar fenti ya ɓare ƙarfe ya leƙo. Ina ƙarfen yake? Yadi ba ya ɓarewa ya nuna azurfa, sai dai ya koɗe ko a yi masa faci.

Inda fenti ke cinyewa da gaske shi ne gindin fiffiken hagu, don ƙofar matuƙi a hagu take, nan yake takawa ya hau, nan makanikai ke takawa da takalmansu duk yini. Sai bakin murafun injin inda sukundireba ke zamewa wajen kwance maɓallai, sai murafun bindigogi a kan fiffike, bindiga takwas ce a jirgin, huɗu kowane ɓangare, kuma duk dawowa sai an buɗe an sake loda harsashi. Sai wajen murfin tankin mai da ke gaban gilashin matuƙi, nan za ka ga ɗan zubin fetur. Cikin jirgin kuma daga bayan inji, can ne za ka saki hannu, don injin Merlin yana yoyon baƙin mai kuma iska na jan sa baya a layi-layi. Kai sai ka bar cikin tsaf ka ɓata saman.

Dan_Farfela48:
Kai Baba na gode, wallahi maganar yadin nan ban taɓa sani ba. Ashe har da inda ba ƙarfe na ɓare 😭

Alli_da_Soso:
Ni dai ban yarda a taru a kan bawan Allah ba. @Tsohon_Makaniki duk abin da ka faɗa gaskiya ne Baba, amma mu tuna abin nan faɗinsa wajen santimita 23 ne kawai, kuma a kan kanta ake kallonsa daga nesa. In ka yi shi daidai da yadda jirgin gaske yake to ido ba zai ga komai ba sai roba mai kala biyu, kamar abin wasan yara. Dole sai an ɗan ƙara gishiri kafin ya yi nauyi a ido. Mai zane ma haka yake yi, yana duhunta inuwa fiye da yadda take. Ni nawa jiragen duk da dattinsu nake yi kuma ba na ba kowa haƙuri.

Malam_Lissafi:
@Alli_da_Soso ƙara gishiri daban, juye buhun daban. Bari mu yi lissafi. Faɗin fiffiken Spitfire mita 11.23 ne, raba da 48 ka samu santimita 23 da ɗan ɗoriya, ka yi daidai a nan. To layin da kamfani ke tsagawa a jikin robar, mu ce faɗinsa milimita 0.2, ninka da 48 ya zama kusan santimita 1 a jirgin gaske. Wato rami ne da ɗan yatsa zai kusa shiga tsakanin kowane falle da falle. Jirgin da ke da irin wannan giɓin ai ko tashi ba za a bari ya yi ba. Layin da kansa an riga an zuzuta shi, in ka zo ka cika shi da baƙi wuluk ka zuzuta sau biyu kenan. Haka ɗigon azurfa na milimita 2 da soso ke bari, a gaske ɓawon fenti ne mai faɗin kusan santimita 10, tafin hannu guda. Yanzu ka koma ka ƙirga ɗigo nawa ne a fiffiken Dan_Farfela.

Alli_da_Soso:
Malam in lissafi za a bi ai gilashin kokfit ɗin, wato mazaunin matuƙi, shi ma kaurinsa ya kai na bulo, a fasa haɗawar kenan gaba ɗaya hhh

Malam_Lissafi:
Wannan kam ka kama ni, ba musu. Amma gilashin ba yadda na iya da shi, baƙin ruwan kuwa hannuna ne ke zubawa.

Mai_Tarihi1940:
Bari na koma kan ainihin abin da ya ce, wai jirgin yaƙi dole ya yi kaca-kaca. Abin da ake mantawa shi ne jiragen da suka yi yaƙin sararin samaniyar Birtaniya daga Yuli zuwa Oktoba 1940 da yawansu sababbi ne. Ana rasa jirgi ana kawo wani daga masana'anta, ta Supermarine da ke Southampton tana fitarwa har Jamusawa suka yi mata ruwan bamabamai a ƙarshen Satumba, ta Castle Bromwich kuma ta fara fitar da Mk II a tsakiyar shekarar. Wanda ya lalace kuma ana kai shi gyara ya dawo da sabon fenti a inda aka taɓa. Kalar Sky ɗin nan ma da ka fesa a ciki, sai a Yunin 1940 aka ba da umarnin ta, kafin nan rabi baƙi rabi fari ne. Wato fentin cikin jirgin da ya yi yaƙi a Agusta bai fi wata biyu zuwa uku ba. Yaushe ya samu lokacin tsufa?

Datti kam akwai, na mai da hayaƙi da taɓo, don filayen da yawa ciyawa ce ba kwalta ba. Amma datti daban, tsufa daban. Kai tsufan shekara goma ka yi wa jirgin wata uku.

Fiffike72:
Ni fa akwai hotunan da na gani na lokacin gindin fiffiken ya cinye sosai har ƙarfe na ƙyalli, ba duka ne sababbi ba. Akwai waɗanda tun 1938 da 1939 suke aiki, ai rukuni na 19 da ke Duxford tun Agustan 1938 suka karɓi nasu.

Mai_Tarihi1940:
Haka ne, shi ya sa na ce da yawansu ban ce duka ba. Maganin gardamar shi ne ya zaɓi jirgi ɗaya mai lamba ɗaya ya nemi hotonsa ya bi. Amma a kiyayi hotunan jiragen da ke gidan tarihi ko masu tashi a wajen nuni yanzu, waɗannan an sake musu fenti ana goge su kullum, har ƙyalli suke, ba za su nuna maka komai game da 1940 ba.

Sabon_Shiga:
Don Allah ku yi haƙuri zan ɗan kauce, ni ko tsufarwar ban kai ba. Sitikata ce in na manna sai gefenta ya yi fari-fari kamar leda, musamman haruffan gefen jiki. Me nake yi ba daidai ba?

Uwar_Biyu:
@Sabon_Shiga ƙanena a kan fenti mara ƙyalli kake mannawa ko? Shi irin wannan fentin in ka duba da gilashin ƙara girma kaushi gare shi kamar samfefa, sai iska ta maƙale a ƙarƙashin sitikar, ita ce ke yin farin. Ka fara fesa banish mai ƙyalli ya bushe sosai, kwana ɗaya aƙalla, sannan ka manna, ka danna da auduga mai ɗan laima daga tsakiya zuwa gefe. Akwai ruwan tausasa sitika da ake sayarwa, in ka shafa za ka ga ta yamutse kamar ta lalace, kar ka taɓa ta, da kanta za ta kwanta ta shiga layuka. Wadda ta riga ta yi farin kuma ka tsattsaga ta da bakin allura ka ɗiga ruwan. In komai ya gama sai ka rufe da banish mara ƙyalli.

Sabon_Shiga:
Na gode Anti. Ashe shi ya sa. Ni da na ga ta yamutse sai na sa yatsa zan gyara ta yage biyu.

Gilashi_Fes:
Kowa sai ya yi wannan sau ɗaya hhh. Tunda ana maganar kuskure, kar wanda ya manna gilashin matuƙi da supa gulu. Ni na yi, washegari na tashi na tarar cikin gilashin ya yi fari fat kamar hazo, tururin gam ɗin ne ke kamawa, kuma sati guda na yi ina fentin kokfit ɗin da kujera da bel ɗin matuƙi, yanzu ba mai ganin ko ɗaya. Farin gam na katako ake sawa, yana bushewa garau kuma in ka yi kuskure ruwa na cire shi.

Tsohon_Makaniki:
Mu dawo kan yaron nan kar a bar shi a hanya. @Dan_Farfela48 faɗa min da me da me ka yi aikin, a jere. Fentin jiki na ruwa ne ko na mai? Ka sa banish kafin ka zuba baƙin ruwan? Azurfar wace iri ce? Kuma ka rufe da banish na ƙarshe ko tukuna? Amsar nan ce za ta nuna ko akwai gyara.

Dan_Farfela48:
Baba fentin jiki na ruwa ne, akirilik. Na fesa banish mai ƙyalli saboda sitika. Baƙin ruwan fentin mai ne irin na masu zane na tsinka da tina. Azurfar kuma akirilik ce, tsatsan da hayaƙin garin alli ne na kankare na shafa da burushi. Ban rufe ba tukuna don tun da ƙanena ya yi maganar nan jikina ya yi sanyi.

Tsohon_Makaniki:
To ka gode wa ƙanenka, ya cece ka. Kar ka wanke komai gaba ɗaya. Allin tunda ba ka rufe ba, auduga mai laimar ruwa za ta ɗebe shi. Baƙin ruwan kuma ka jiƙa auduga da tinan fentin mai, mara ƙarfin nan, ka matse ta sosai ta zama laima kawai, ka riƙa gogewa daga gaba zuwa baya yadda iska ke bi, banish ɗin zai kare fentin ƙasa. Amma ka ji ni da kyau, ban da tinan fentin mota, wannan zai cinye fentin ya narkar da robar ma. Kuma ban da sifirit, shi akirilik yake ci, zai tafi da banish ɗin da koren duka.

Azurfar ce mai ɗan wuya tunda jinsinsu ɗaya da fentin jiki. Ita rufe ta za ka yi. Ka tsinka koren da ruwan ƙasan sosai, ka rage iskar kwamfuresa, ka bi wuraren a hankali shafi-shafi, ko ka ɗauki siririn burushi ka bi ɗigon ɗaya-ɗaya. In ma kalar ta ɗan bambanta da ta da ba laifi, kamar facin fenti zai fito, kuma jiragen gaske cike suke da faci.

Uwar_Biyu:
Na goyi bayan Baba. Ƙari ɗaya, nan gaba ka bar baƙi zalla a layuka. Ni ruwan ƙasa mai duhu nake sawa a saman, ruwan toka a cikin, baƙi sai wajen inji da inda abubuwa ke motsi. Kuma don ɓarewar fenti ni na daina soso a jirgi, na bar wa tankokin yaƙi. Fensir mai kalar azurfa na fi so, a fere shi ya yi tsini, kana ɗigawa kana kallon hoto, in ya yi yawa ka goge da yatsa. In kuma gindin fiffike nake so ya cinye sosai sai na yi dabarar feshin gashi: azurfa a ƙasa, a fesa man feshin gashi sama-sama, ya bushe, a fesa kalar jiki, bayan ɗan lokaci a jiƙa wurin da ruwa a riƙa cakula da burushi mai tauri ko tsinke. Fentin na ɓarewa ne da gaske don haka bakinsa ba ya kama da wanda aka zana. Sai dai ka gwada a kan cokalin roba tukuna, ranar farko da na yi na cika feshin sai fentin ya saluɓe gaba ɗaya kamar fatar maciji.

Alli_da_Soso:
To Hajiya ke ma ashe kina ɓarewa, ni kaɗai ake wa taron dangi 😂

Uwar_Biyu:
Ina ɓarewa mana, amma inda takalmi ke takawa, ba a kan yadi ba.

Zero_Sen:
@Dan_Farfela48 in hannunka na ƙaiƙayin ɓare fenti ne to jirgin ka zaɓa ba daidai ba. Nemi na sojan ƙasan Japan irin Ki-43, da yawansu kore aka watsa musu kai tsaye a kan alminiyom ba fentin shimfiɗa a ƙasa, ga zafi ga ruwan sama, sai ya riƙa zubewa falle-falle, akwai hotunan da rabin jikin ƙarfe ne tsirara. Ko Corsair na Amurka a tsibiran Fasifik, rana da ƙurar murjani sun koɗar da shuɗin har ya koma toka-toka. Can duk abin da ka yi sai a ce ka yi daidai.

Mai_Tarihi1940:
Amma a nan ma mutane na zarcewa, sai su ɗauka duk jirgin Japan haka yake. Zero na farkon yaƙi, irin na 1941, da fentin shimfiɗarsa ja-ja a ƙasa kuma a kan jirgin ruwa ana kula da shi, tsaf yake. Sai ka ga mutum ya haɗa na harin Pearl Harbor ya ɓare shi kamar ya shekara a daji.

Zero_Sen:
Gaskiya ne Malam, shi ya sa ban ce Zero ba duk da sunana hhh

Fiffike72:
Ko a Spitfire ɗin ma ai akwai masu wahala, Mk V na hamadar Masar da Libiya da na Malta, masu ƙaton matacin iska a ƙarƙashin hanci. Yashi na cin gaban fiffike da farfela. Ni wanda ya fi ba ni daɗi shi ne zanen fari da baƙi na ranar 6 ga Yuni 1944, ranar da sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Faransa, layi biyar, uku fari biyu baƙi, a fiffike da jiki. A gurguje aka shafa su da burushi kwana ɗaya biyu kafin ranar, wasu a karkace. Na haɗa ɗaya na yi layukan da hannu da gangan ba salatif, duk wanda ya gani sai ya ce hannuna ne ya yi rawa. Ka yi daidai da tarihi a ce ba ka iya ba, ka yi shi tsaf a ce ba haka yake ba.

Alli_da_Soso:
Yauwa! Ka dawo kan maganata kenan. Abin da ke daidai a hoto ba lallai ya yi daidai a kan kanta ba.

Malam_Lissafi:
A'a wannan ma lissafi ne. Faɗin kowane layi inci 18 ne a jirgi mai inji ɗaya, in mai burushin ya kauce da inci 1 to a sikelin 1/72 bai kai rabin milimita ba. @Fiffike72 auna naka ka gani, ina zargin ka kauce da taku guda.

Fiffike72:
Malam ka bar ni na ji da abin da ke damuna 😅

Salansa_Shida:
Ba wanda ya taɓo hayaƙin sosai. Hayaƙin salansa ba baƙi zalla ba ne. Fetur ɗin jiragen nan akwai dalma a ciki, in matuƙi ya rage mai ya ƙara iska sai ya bar tabo mai haske, toka-toka ko fari-fari, in man ya yi yawa kuma sai ya yi duhu. Shi ya sa a hotuna da yawa za ka ga ruwan ƙasa mai duhu a gefe, tsakiya kusa da bututun kuma da haske. Kuma ba miƙewa yake kamar an ja da rula ba, iskar da ke bi ta kan fiffike na lanƙwasa shi, yana dushewa a hankali. Naka ya tafi ɗoɗar har jela da kauri ɗaya. Bututun kansu kuwa, nan ne kaɗai za ka iya sa ruwan tsatsa da ƙuna, don su ba alminiyom ba ne kuma wuta suke sha.

Tsohon_Makaniki:
Haka yake. Farfelar ma na manta ban faɗa ba, ka duba wace iri ce a jirgin da kake yi. Ta de Havilland da ke kan yawancin Mk I ƙarfe ce, ɗan ɓarewa a bakin gaba ba laifi. Amma akwai na Rotol da katako ne da aka matse aka lulluɓe, in ka sa wa wannan azurfa ka sake maimaita kuskuren jela.

MaiShiru:
Ni ba na magana da yawa a nan amma don Allah masu feshi a sa takunkumi mai matacin gaske a buɗe taga. Na yi wata biyu ina feshi a rufaffen ɗaki don gudun ƙura, kullum da ciwon kai nake kwana ban gane dalili ba. Ko na ruwan ne ƙwayoyinsa na shiga huhu.

Dan_Farfela48:
'Yan uwa ga rahoto. Daren jiya na zauna na bi abin da Baba ya ce. Allin ya fita tas, baƙin ruwan ma ya ragu ya zama kamar inuwa kawai, wallahi har na fi son sa yanzu fiye da lokacin da yake fes, don ɗan abin da ya saura ya kashe ƙyallin fentin. Azurfar jela da ta bayan fiffike na rufe da burushi, na bar ta gindin fiffiken hagu da 'yar kaɗan a murafun inji. Sai dai garin gyaran gira na ɗan taɓa ido: ina gogewa audugar ta kama sandar eriya ta karye, kuma harafi ɗaya na gefen dama ya ɗan yage a ƙasa don ban rufe sitikar da banish ba. Sandar na manna, harafin ne ban san yadda zan yi ba.

Gilashi_Fes:
Sandar eriya da bututun auna gudu da ke ƙarƙashin fiffike, waɗannan a ƙarshen ƙarshe ake manna su, ni sai na karya uku kafin na koyi haka. Harafin kuma haɗa ruwan toka daidai kalarsa ka cike da bakin tsinke, in banish ya hau ba mai ganewa.

Alli_da_Soso:
Na ga sabbin hotunan. Ya yi kyau ba ƙarya, amma ni har ga Allah na farkon ya fi rai, yana da labari. Wannan ya zama irin na kowa.

Uwar_Biyu:
Labarin wanda aka harbo ko? 😂 @Dan_Farfela48 saura abu ɗaya da zai ƙara masa rai ba tare da datti ba, jan facin bakin bindigogi. Bayan an loda harsashi ana manna ɗan yadi a shafe da jan banish a kan kowane rami a gaban fiffike, don ƙura da sanyi kar su shiga bindigar ta daskare a sama. Harbin farko ke fasa shi. To sai ka zaɓa: in jirginka shirin tashi yake, facin na nan lafiya kuma ba hayaƙin bindiga sosai, in dawowarsa kenan sai ka huda su ka ja ɗan baƙi-baƙi a baya, da ƙarƙashin fiffike wajen ramukan da kwanson harsashi ke zubowa. Kar dai ka haɗa biyun, faci lafiya ga kuma hayaƙi har bayan fiffike.

Mai_Tarihi1940:
Hajiya a nan zan ɗan saɓa miki. Ana iya samun sabon faci a kan tsohon hayaƙi, don masu loda bindiga cikin mintuna suke aikinsu jirgin ya sake tashi, ba wanda zai tsaya wanke fiffike. Harsashi 300 ne a kowace bindiga, daƙiƙa goma sha wani abu ya ƙare, a yini ɗaya sai a sake faci sau nawa.

Uwar_Biyu:
To na karɓa Malam, amma sai facin ya fito sabo a kan dattin, ba hayaƙin ya hau kansa ba. Nan ne ake gane wanda ya yi tunani.

Dan_Farfela48:
To ni yanzu kun sake rikita ni hhh. Ina ga sabon faci a kan tsohon hayaƙi zan yi, amma kaɗan. Cikin jirgin fa Baba, yoyon man da ka ce, kafin banish mara ƙyalli ake yi ko bayansa? Don ina ganin mai ai ya kamata ya ɗan yi ƙyalli.

Tsohon_Makaniki:
Yi biyu. Tsohon yoyo da ya bushe ya sha ƙura ka ja shi kafin banish, sabon kuma layi biyu uku sirara bayan banish, ka bar su da ƙyallinsu. Ɗigo ɗaya na fentin mai a bakin tsinke, ka ja baya da busasshen burushi mai faɗi. In ka ji zuciyarka ta ce ƙara ɗaya, ajiye burushin ka kira ƙanen nan naka ya duba.

Sabon_Shiga:
Anti @Uwar_Biyu na gwada banish ɗin a kan cokali kamar yadda kika ce, ya bushe amma ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo, nesa na riƙe injin ne ko tinan ne bai isa ba?